Likitar da Ta Bi Ni Har Ƙofar Banɗaki

Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa kowa zai koma, wani da wuri, wani bayan an jima. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Fabrairu, da hantsi, ina tsaye gaban allo ina ba 'yan aji huɗu lissafi, sai wayata ta yi ta ƙara a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da ta yi kira na uku sai na fita baranda. Babbar nas ɗin sashen mafitsara ce, wadda kowa yake kira Sista. Ta ce, "Malama, sai haƙuri. Likita ta rasu ɗazun nan." Ban tambaye ta wace likita ba. Likitoci suna da yawa a duniya, amma a gidanmu in aka ce Likita, ke kaɗai ake nufi.

Kin rasu kina da shekara sittin da tara, bayan jinyar kwana shida ta ciwon zuciya, a asibitin da kika yi wa aiki shekara talatin da huɗu. Kin bar mijinki, da 'ya'ya uku, da jikoki biyar, da mu da ba ki haifa ba amma muke tafiya da ƙafafunmu yau saboda Allah Ya haɗa mu da ke.

Na zauna in rubuta wannan ta'aziyya da hawaye, sai na tarar kusan duk abin da na tuna game da ke dariya yake ba ni. Na yi ta ƙoƙarin in gyara fuska, abin ya gagara. Daga baya na haƙura, na ce bari in rubuta ki yadda na san ki.

Shekara goma sha takwas da suka wuce ina da shekara talatin da ɗaya, ina da aure, ina koyarwa, kuma ina ɗauke da ciwon da kunya ta hana ni faɗar yadda yake. Duk lokacin da na shiga banɗaki na yi fitsari, kafin in miƙe sai kaina ya ɗauki sara kamar ana buga mini guduma. Zuciyata ta yi ta harbawa, zufa ta keto mini har ta jiƙa riga, hannuwana su yi sanyi. Bayan minti biyar ko goma sai abin ya lafa kamar ba a yi ba. Wani lokaci kuwa sai dai in farfaɗo in gan ni a ƙasa. Sau biyu ana ɓalle ƙofar banɗakin malamai a fito da ni. Na koma ba na shan ruwa da safe, in yini da ƙishirwa ina magana da yara arba'in, don kawai kada in shiga banɗakin makaranta.

Shekara uku ina cikin wannan hali. Na yi ɓarin ciki biyu, duka bayan sun yi ƙwari. Na zaga asibitoci, amma kafin in bi layi in isa gaban likita abin ya riga ya wuce, a auna jinina a ce lafiya lau yake. Wasu suka ce farfaɗiya ce, wasu suka ce iska ce, wani likita ya ce in rage tunani. Maigidana, wanda kafinta ne, ya cire sakatar banɗakinmu na gida. In na shiga sai ya tsaya kusa da ƙofa yana fito, yana taɓa wannan yana taɓa wancan kamar mai gyara wani abu, don kada in ji nauyin cewa gadina yake yi. Shugaban makarantarmu, mutumin kirki, ya kira ni ofis ya ce iyaye sun fara magana. Ya ba ni zuwa ƙarshen zango: ko in kawo takardar likita mai bayanin abin da ke damuna, ko in bar aji.

Ana cikin haka na fara ganin jini a fitsari. Aka yi mini hoton ciki, aka ga ƙari a jikin mafitsarata, girman lemon tsami. Wani matashin likita na sashenku ya kwantar da ni. Ya yi mini bayani cikin ladabi cewa yawancin ƙarin da ake gani a mafitsara ciwon daji ne, cewa ranar Alhamis zai shiga da 'yar kyamara ya kankaro wani ɓangare a gwada, kuma in ya tabbata, mai yiwuwa a cire mafitsarar gaba ɗaya in koma rayuwa da jakar fitsari a gefen ciki. Ina kwance a gado na shida kusa da taga, na riga na raba kayana a zuciya: keken ɗinki na ƙanwata, littattafai na makaranta.

Ranar Laraba da safe kika shigo zagayen marasa lafiya. Gajeruwar mace, gilashi a rataye da zare a wuya, takalmi maras tsini, biro uku a aljihu waɗanda daga baya na gano biyu ba sa rubutu. Nas-nas suna kiranki Sarkin Tambaya a bayan idonki, kuma kin sani. Kika karanta fayil ɗina a tsaye, kika ajiye shi, kika zauna a bakin gadona kamar kin zo yini.

Kika ce, "Malama, an rubuta nan kina suma. A ina kike suma?"

Na ce, "A gida, wani lokaci a makaranta."

"Gida da girma. A wane ɗaki?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "A banɗaki."

"Kullum a banɗaki? Kafin ki yi fitsari ko bayan kin yi?"

Shekara uku ana tambayata shekaruna da abin da na ci da ko ina samun barci. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, ni kuma ban taɓa kai kaina in faɗa ba. Da na ba ki amsa sai kika ɗora gilashin a hanci kika dube ni da kyau, na ga idonki ya yi wani haske kamar na yaron da ya gano amsar lissafi kafin kowa.

Kika sa Sista ta kawo babbar gorar ruwa, kika ce in shanye. Kika tafi kika ƙarasa zagayenki, kika dawo bayan awa ɗaya kika auna jinina: ɗari da ashirin, daidai da na kowane mai lafiya. Sai kika naɗe abin awon kika sa a hammata, kika ce, "Tashi mu je." Haka muka ratsa ɗakin mata a jere, ni a gaba, ke a baya, Sista tana biye da kujera, duk masu jinya suna kallonmu. A bakin ƙofar banɗaki kika ce kada in sa sakata.

Na ce, "Likita, wallahi kunya nake ji."

Kika ce, "Shekara ashirin ina neman abincina a fitsarin mutane. Naki bai fi na kowa ba. Shiga."

Ina fitowa guduma ta fara. Sista ta tare ni ta zaunar, kika ɗaura mini abin awon nan take a bakin ƙofa. Ɗari biyu da arba'in. Ni ina jin kaina zai rabe biyu, ke kuwa kika tafa hannu kika ce, "Mun kama shi!" Sannan kika tuna akwai mutum a jikin hannun da kike aunawa, kika riƙe mini kai a ƙirjinki kina share mini zufa da hannun rigarki har abin ya lafa. Na daɗe ina yi miki gorin wannan tafin, ke kuma ba ki taɓa musawa ba.

A ranar kika soke aikin Alhamis. Kika juya katina kika zana mini mafitsara a bayansa. Ban taɓa ganin mummunan zane irin wannan ba, da ɗalibina ne da uku bisa goma zan ba shi, kuma na faɗa miki haka. Amma na gane bayanin sarai. Kika ce akwai wani irin ƙari da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda a shekara ashirin ni ce ta biyu da kika gani da shi. Yana zaune a cikin bangon mafitsara, yana yin irin sinadarin nan da jiki ke saki idan mutum ya firgita. Duk lokacin da mafitsara ta matse don fitar da fitsari, sai ta matse shi kamar soso, ya zubo sinadarin cikin jini, jini ya hau, kai ya sara, zuciya ta rikice. Kika ce yawancin irinsa ba sa yaɗuwa kamar daji, kuma in an cire shi sau da yawa shi ke nan. "Amma ba zan rantse miki ba," in ji ki, "sai mun gwada, mun cire, an duba."

Abin da ba ki faɗa mini ba a lokacin, Sista ce ta faɗa mini bayan shekara guda: da an taɓa ƙarin nan ranar Alhamis ba tare da shiri ba, jinina zai iya hawan da ba zan sauko daga gadon aikin ba. Kuma ba ki wulaƙanta matashin likitan nan ba ko da kallo. Kika ce masa abin da ya yi tunani shi ne abin da kowa zai fara tunani, domin a mutum ɗari masu ƙari a mafitsara da ƙyar a sami ɗaya irina. Washegari kika ba shi abin awon, kika sa ya bi ni ƙofar banɗakin ya gani da idonsa. Shi kika bari ya yi wa maigidana bayani, shi kuma ya tsaya kusa da ke ranar tiyata. Yau shi ne shugaban sashen, kuma an ce ya fi ki tambaya.

Sai batun jarka. Kika sallame ni gida da wata jarka mai ruwan ƙasa, da ɗan magani a gindinta, kika ce in tara duk fitsarin da zan yi daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, kada ɗigo ya ɓata, kuma a ajiye ta wuri mai sanyi. Maigidana ya ɗauki maganar nan kamar an ba shi amanar ƙasa. Kafin azahar ya ƙera wa jarkar akwatin katako mai hannu da murfi, har da goge shi. Da safe da za mu kai ɗakin gwaji, direban mota ya ce a sa kayan a but. Maigidana ya ce ina, wannan a cinya ake riƙe shi. Direba ya ce, "Maigida, zinariya ce a ciki?" Ya ce, "Ta fi." Da na ba ki labari kika yi dariya har kika cire gilashi kina share ido, kika ce a bar miki akwatin. Ya yi shekaru a ofishinki kuna aika gwaji a cikinsa.

Bayan kwana goma sakamako ya fito, sinadarin ya ninka yadda ya kamata sau da yawa. Kika sa aka yi mini babban hoto na jiki don a tabbatar ba shi da 'yan'uwa a wani wuri, aka ga shi kaɗai ne. Duk da haka kika ƙi gaggawa. Kika ce sai na yi mako biyu ina shan wani magani da zai hana sinadarin yi mini ɓarna a lokacin aiki. Maganin ya toshe mini hanci, in na miƙe da sauri jiri ya ɗebe ni. Sannan kika ba da umarnin da ya kusa haɗa ki faɗa da mahaifiyata: in riƙa cin gishiri sosai, in sha ruwa da yawa.

Inna ta ce ba a gabanta ba. Ta yafa mayafi ta biyo ni asibiti, ta shiga ofishinki ba ta jira an kira mu ba.

Ta ce, "'Yar nan, ke ce likitar? A ina aka taɓa ba mai hawan jini gishiri? Ni ban yi boko ba amma wannan na sani."

Kika miƙe kika ba ta kujerarki, ke kika zauna a kan gadon duba marasa lafiya ƙafafunki suna lilo. Kika ce, "Inna, gaskiyarki, kuma ki ci gaba da faɗa wa kowa haka. Wannan 'yar taki ce kawai ta fita daban." Kika yi rabin awa kina yi mata bayani cewa maganin yana buɗe hanyoyin jini da suka daɗe a tsuke, kuma in ba a cika su da ruwa ba, ranar da aka cire ƙarin jinin zai faɗi warwas. Mutane suna layi a waje suna ƙorafi, ke ko a jikinki. Inna ta fito ta zama 'yar gaban goshinki. Mako biyun nan duk gidan aka ci gishiri, mai lafiya da maras lafiya. Maigidana ya ce in ba a yi tiyatar nan da wuri ba, shi za a kwantar a gado na bakwai.

Ranar Litinin da safe, kafin a tura ni ɗakin tiyata, kika zo kika tsaya a kaina da hular aiki. Kika ce za ki yanke ɓangaren bangon da ƙarin yake, ki ɗinke sauran, in ci gaba da zama da mafitsarata. Kika ce in kika buɗe kika ga abin da ba ki zata ba, ba za ki cire mini mafitsara ina barci ba, za ki rufe ki tashe ni mu yi shawara. Wannan alkawarin ne ya sa na shiga da natsuwa. Aikin ya ɗauki awa huɗu. Likitan da ya sa ni barci ya ce da kika taɓa ƙarin jinina ya yi sama, da kika raba shi da jikina ya yi ƙasa, duka kamar yadda kika gaya masa tun kafin a fara, kuma duka sun same shi a shirye.

Na yi kwana goma sha biyu da robar fitsari. Ranar da aka cire ta, ban san lokacin da labari ya zaga ɗakin mata ba. Da na tashi zan shiga banɗaki, sai ga ki da abin awonki a hammata, ga Sista da kujerarta, ga matashin likita, ga Inna, ga maigidana a bakin ƙofar ɗaki yana leƙe don ba a barin maza su shigo a lokacin. Na shiga, na yi, na miƙe a hankali ina jiran guduma. Na tsaya riƙe da bango. Shiru. Na ƙirga har ashirin. Shiru. Na fito, kika auna: ɗari da sha takwas. Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, matan da ke kwance da ledar ruwa a hannu suna tafi da hannu ɗaya a kan katifa. Ni kuwa na zauna a kujerar Sista na yi kukan da ban yi ba shekara uku. A yinin nan na sha ruwa kamar raƙumi, ina shiga ina fita don kawai in sake jin shirun nan, har Sista ta ce, "Malama, don Allah ki bar wa sauran marasa lafiya banɗakin."

Bayan mako guda sakamakon ɗakin gwaji ya zo. Kika hawo bene da takardar a hannu kina haki, ba ki jira ranar da aka ba ni ba, domin kin ji na zo wankin ɗinkin tiyata. Kika ce an cire shi duka, gefen da aka yanka fes yake, babu alamar ya kama wani wuri. Sannan kika daure fuska kika ce irin wannan ƙarin ko madubin ɗakin gwaji ba ya iya yi masa alkawari har abada, don haka duk shekara sai na zo an gwada, muddin raina. Kika sa na kawo ƙannena uku aka duba su, domin wani lokaci abin yana bin dangi. Dukansu lafiya. Takardar da kika rubuta wa shugaban makarantarmu layi biyu ce, kuma sai da Sista ta karanta masa kwafinta ta waya don ba wanda ya iya karanta rubutunki. Na koma ajina kafin zango ya ƙare.

Shekara biyu bayan haka na haifi 'yata. Wata taran nan kina kiran likitar mata kina tambayarta jinina har ta ce ta fara mafarkinki. Ranar da na haihu kika zo a lokacin hutun abincin rana, kika ɗauki jaririyar kika ɗaga ta daidai fuskarki, kika ce, "Ke, kin yi fitsari kuwa?" Yarinyar ta ba ki amsa a kan farar rigarki. Yanzu shekararta goma sha shida, ta fi ni tsawo, kuma tun da ta fara magana Kaka Likita take kiranki.

Ba zan ce ba ki da aibu ba, domin ke kanki ba za ki yarda ba. Wanda aka ba ƙarfe tara a wurinki ya taho da abincin rana. Layin ofishinki ya fi na kowa tsawo, don ba kya sallamar mutum sai kin ji labarin har kakarsa, shi ya sa maigidana ya ƙera benci biyu ya kai barandar. Kuma kina da faɗa. A shekara ta bakwai na ga lafiya ta zauna, na yi ta ɗaga zuwa gwaji, yau jarrabawa, gobe baƙi, har wata huɗu suka wuce. Wata safiya ina cikin darasi sai na ga yara sun miƙe suna gaida baƙuwa. Na juya, ga ki a bakin ƙofa da jarka mai ruwan ƙasa a hannu. Kika ce, "Yara, malamarku ba ta yi aikin gida ba. Me ake yi wa wanda bai yi aikin gida ba?" Ajin ya kaure da ihu. Ban sake fashi ba.

Daga baya kika mayar da ni ma'aikaciyarki ba albashi. Kin taɓa kirana saboda wata mai sayar da yadi da aka ga ƙari a mafitsararta, na tsoka, irin wanda ba ya yaɗuwa amma ya toshe mata hanyar fitsari har ƙodarta ta fara kumbura. Sau biyu ana sa mata rana tana gudu. Kika ce, "Ni likita ce, ba ta yarda da ni. Ke da aka yanka za ta yarda da ke." Na je na zauna da ita, na nuna mata tabon cikina, na ba ta labarin akwatin katako har ta manta tana kuka. Aka yi mata aiki, ta warke, har yau in na je kasuwa sai mun yi rigima kafin ta karɓi kuɗin yadi. Bayan ita na zauna da wasu takwas. Ba dukansu ne suka sami labari mai daɗi irin nawa ba, kuma na ga yadda kike faɗa wa waɗannan gaskiya ba ɓoye-ɓoye, sannan ki zauna da su har su gama tambaya.

Bayan kin yi ritaya ba ki daina zuwa ba, duk Talata kina can kina koyar da ƙananan likitoci. Ganina na ƙarshe da ke a watan Disamba ne, a gidanki. Na same ki a bayan gida kina ɗaure wa tumatir sanda, jikarki tana miƙo miki zare. Na lura kina tsayawa ki huta tsakanin magana. Na ce, "Yaya, jikin nan fa?" domin tun tuni na daina ce miki Likita in muna mu biyu. Kika ce likitocin zuciya suna kula da ke, kuma kin zama irin maras lafiyar da kika fi tsana, mai gardama. Sannan kika juya maganar kan 'yata da abin da take so ta karanta. Kika cika mini leda da tumatir, kika raka ni har bakin titi kina dafa kafaɗata.

Ranar da muka je gaisuwa na tarar da gidan a cike. Bayan dangi da likitoci, akwai direbobi, da 'yan kasuwa, da wani tsohon alƙali, da mata masu goyo. Mutane suka fara da share hawaye, sai wani ya ce, "Ni fa ranar da ta fara ganina," kafin a jima ana ta ƙunshe dariya a mayafi. Mijinki yana zaune a tsakiya yana saurare, ya ce shekara arba'in da biyu yana aurenki amma rabin labaran nan yau ya fara ji.

Da za mu tafi babbar 'yarki ta ja ni gefe ta ba ni ambulan. Ta ce a kwana na uku na jinyarki, da kika ji jikin ba daɗi, kika sa aka kawo miki takardu da biro, kika rubuta wa mutum goma sha ɗaya da kike bibiya tun da daɗewa. Tawa layi uku ce, sai da muka haɗu mu biyu muka karanta. Kin rubuta ranar gwajina na bana, takwas ga watan Afrilu, kin ce kin riga kin gaya wa shugaban sashen, kin ce in gaida Inna. Zan je, Yaya. Da sassafe zan je.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki Ya yalwata shi. Allah Ya sa duk ciwon da kika sauƙaƙa wa wani bawa nasa ya zama sauƙi gare ki, Ya saka miki da gidan Aljanna mafi ɗaukaka. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta maigidana, da ta Inna, da ta 'yata, ga mijinki da 'ya'yanki da jikokinki, ga Sista da duk ma'aikatan sashen mafitsara, da ɗaliban da kika koyar. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci abin da ta bari, Ya raya zuriyarta cikin lafiya da mutunci. Mu kuma da muka saura, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa a tuna da mu da fuska a sake kamar yadda ake tuna ta. Amin.